Na ci bak lafiya lau, ga ni yau da 6 bisa 20: in daure ko in koma kasuwa?

Ɗan Tasawa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta hirarku ina shiru, yau dai tura ta kai bango. Ni mutumin Tasawa ne, bana na ci bak, wato jarrabawar gama lise (babbar sakandare), seri D na kimiyya, kuma ba da jan ciki na haye ba, muwayan ɗina, wato matsakaicin makina, ya haura 13. Ranar da sakamako ya fito har guɗa aka yi a gidanmu, Baba ya yanka ɗan akuya, maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Yanzu watana uku ke nan a Maradi, shekarar farko, ɓangaren kimiyya.

Shekaranjiya aka raba mana takardun gwajin farko. Lissafi 6 bisa 20. Shimi, wato kimiyyar sinadarai, 7 da rabi. Tun da aka sa ni lakwal ban taɓa ganin irin wannan maki da sunana a sama ba. Na ninke takardun na cusa aljihu, na je bayan masallaci na zauna har aka kira magariba.

Kuma wallahi ba wasa nake yi ba, ba na fashin kur, wato darasi. Sai dai in malami ya fara bayani a amfi, babban ɗakin da ake tara mu darasi, kafin in gama kwafe layin farko ya kai na biyar. In na tsaya saurare rubutu ya wuce ni, in na duƙa rubutu bayani ya wuce ni. Da dare in buɗe kaye in yi ta hadda har ƙarfe ɗaya, yadda na saba a lise. Ranar gwaji aka kawo tambayoyin da ko kama da abin da na haddace ba su yi ba.

Mu huɗu ne a ɗakin haya. Jika ashirin da Baba ke aiko mini duk wata ba ta kai ni 20 ga wata. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da shago a babbar kasuwa, ya ce in na ga abin ba mai yiwuwa ba ne in zo in kama masa. Baba kuwa duk Juma'a sai ya kira ya ce "ya karatu?", in ce lafiya lau. Bakina ya kasa faɗa masa.

Ku da kuka riga mu shiga, don Allah ku gaya mini gaskiya. Haka abin yake ga kowa, ko ni ne kaina bai kai ba?

Na-Mokoyo:
Wa alaikumus salam. 6? Kai ai gwani ne! Ni gwajina na farko 2 da rabi na samu, kuma ina zaton rabin nan ladan rubuta sunana daidai ne. Ga ni yau a shekara ta uku, ban mutu ba. Wanke fuskarka ka zo fada mu sha shayi.

Yaya Ilu:
Ƙanena, kafin a shiga ba ka haƙuri, bari in tambaye ka: ka san yadda ake lissafin makin nan kuwa? Na lura yawancin sababbi da lissafin lise suke shigowa a kai, shi ya sa gwaji ɗaya ke kayar musu da gaba.

Tsarin da muke ciki, wato LMD, lisans, digirin farko, shekara 3 ne, an raba shi zango 6, kowane zango kiredi 30, gaba ɗaya 180. Darussan an ɗaure su dami-dami, kowane dami ana ce masa UE, kuma abin da ake nema shi ne damin ya kai 10 bisa 20. Gwajin da aka raba muku wani kaso ne na makin darasin, babbar jarrabawar ƙarshen zango tana nan tafe. Wanda bai haye a nan ba kuma akwai zagaye na biyu, ratarafaj. Ka nemi dalagen ajinku, wato wakilin ɗalibai, ya nuna maka nauyin kowane darasi da kason gwaji a cikinsa, ka zauna da bik ka lissafa nawa kake buƙata a jarrabawa. Za ka ga ramin bai kai zurfin da kake gani da dare ba.

Abu na biyu, kuma shi ya fi ba ni wuya a nawa lokacin. Kiredin nan ba awannin da ka zauna gaban malami kaɗai yake ƙirgawa ba, har da awannin da ake sa ran ka yi aiki kai kaɗai. A lise mushe, wato malami, ne ke tauna maka ya sa maka a baki, ga sirbeya mai sa ido kan ɗalibai na bin ka, in ka yi fashi a aika wa Baba takarda. A nan ba mai neman ka. Malami ya nuna maka bakin gona ne kawai, noman naka ne.

Kuma ka daina kokawar kwafe kowace kalma a amfi. Ka rubuta kanun magana da ƙa'idoji, ka bar fili, da yamma ka cike daga kayen wani. Inda ake cin jarrabawa shi ne TD, wato zaman yin atisaye tare da malami. Takardar atisayen da ake rabawa, kana yin ta kafin ranar, ko sai an gyara a allo ka kwafe?

Ɗan Tasawa:
Gaskiya, Yaya, sai an gyara nake kwafewa. Daga baya in haddace gyaran.

Yaya Ilu:
To ga ciwon nan. Kai kana haddace amsa, su kuwa hanyar zuwa amsar suke tambaya.

Sabo Mai Atamfa:
Ni dai a gafarce ni, ra'ayina daban. Kowa sai cewa yake daure, daure. A daure har yaushe? Mai kabu-kabun da ke kai yarana lakwal yana da lisans, da bakinsa ya gaya mini. Yaron da ke rubuta mini lissafi a shago shi ma ya gama jami'a, ni da ban wuce aji uku na kwaleji ba nake biyan shi. Garin nan da gyaɗa da fatauci ya ginu. Alhazan Maradi da ake jin sunansu har Yamai da Kano, nawa ne cikinsu suka zauna a amfi? Yaro, Kawu ya buɗe maka ƙofa tun kana da ƙuruciyarka. Shekara ukun da za ka yi kana shan gari da ruwa, in ka yi ta a shago ka fara juya naka jarin. Ba kowa ne ke da irin wannan kawun ba.

Na-Mokoyo:
Alhaji Sabo, to me ya sa kake biyan kabu-kabu yana kai yaranka lakwal? Ka sa ya kawo su shago mana.

Sabo Mai Atamfa:
Su iya rubutu da lissafi, shi ke nan. Ban ce su tsufa a can ba.

Ta Gidan Rumji:
Alhaji, ranar da Hajiya za ta haihu, mai atamfa ake kira ko ungozomar da ta yi karatu? Ba raini ba ne, tambaya ce.

Mamman Lissafi:
Ni ɗan kasuwa ne kamar Sabo, amma ba zan ba yaron nan wannan shawara ba. Sabo, ka manta Agustan 2019 da Najeriya ta rufe iyaka har sai Disamban 2020? Ka manta 2023 bayan takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta tsaya? Mu da cinikinmu ke rataye da Katsina mun san abin da muka gani. Mutum nawa muka sani da jarinsu ya narke suna zaune bakin shago? Ga naira, yau ka saya gobe ta zube. Kasuwa ma tana ba da 6 bisa 20, kuma ita ba ta da ratarafaj.

Ban ce takarda na ba da aiki ba, wannan kowa ya san halin da ake ciki. Amma barin karatu saboda an auna an ga kasuwa ta fi, daban yake da barin karatu saboda kunyar maki. Na biyun gudu ne, kuma wanda ya gudu daga gwaji ɗaya, ranar da ya yi asarar farko a shago ina zai nufa?

Sabo Mai Atamfa:
Wannan kuma gaskiya ce, ban musa ba. Amma dai ina nan kan bakana, a bar ƙofar Kawu a buɗe.

Malama Zuwaira:
Ɗana, ni malamar lise ce, shekarata 16 ina koyar da kimiyyar halittu, kuma karanta saƙonka ya sa na ji nauyi. Haddar nan da ta kayar da kai, mu muka koya muku ita. Aji cike, manhaja mai tsawo, bak na tafe, sai mu ɗora ku a kan tsofaffin tambayoyi, ku yi ta maimaitawa har hannu ya saba. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa irinka sai ya haye da maki mai kyau, ba tare da an taɓa ajiye masa tambayar da bai taɓa gani ba an ce ya nemi hanya da kansa. Saboda haka wannan 6 ɗin ba kaifin kanka ta auna ba, dabarar da ka zo da ita ta auna.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa, wato faransanci. Yaranmu da yawa suna karanta shi a takarda ba matsala, amma sauraren mutum yana zuba shi awa biyu ko uku ba tsayawa, wannan wata fasaha ce daban. A lise muna yi muna tsayawa, muna shifta, wani lokaci mu jefa Hausa don a gane. A amfi ba haka ba ne. Kunne ma sai ya saba, kuma yakan ɗauki watanni.

Ga abin da nake gaya wa tsofaffin ɗalibaina in sun zo mini da wannan kuka. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kada ku wuce haka, in kun yi yawa fada ce za ta zama. Kowa ya ɗauki yanki ɗaya na darasi, ya rufe kaye, ya bayyana wa sauran da Hausa. Wurin da bakinka ya sarƙe, ka kasa faɗa da harshen da uwarka ta yi maka magana, nan ne ba ka gane ba, ko da kana iya rera shi da faransanci kamar karatun allo.

Habu Bagalam:
Malama kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci da ingilishi harsunan aiki ne. To me ya hana a koyar da lissafin nan da Hausa a huta? Da yaron nan da Hausa aka yi masa bayani da bai zauna bayan masallaci ba.

Malama Zuwaira:
Habu, fata nagari ne, amma rubuta abu a kundi ya fi rubuta littafin shimi na jami'a sauƙi. Sai an tanadi kalmomi, an rubuta littattafai, an horar da masu koyarwa. Ga kuma 'yan'uwanmu Zabarmawa da Barebari da Buzaye da Fulani da ke zaune a amfi ɗaya da shi, su ma da nasu haƙƙin.

Yaya Ilu:
Kuma jarrabawar da ke gabansa da faransanci za a yi ta. Habu, buɗe mana wannan muhawarar daban, tana da daɗi, amma kada mu bar yaro a tsaye.

Ta Gidan Rumji:
Ni ina shekara ta biyu a fannin lafiya. Ku maza kuna kukan ɗakin haya, ni da za a ba ni ɗakin hayar nan bara da na yi sadaka. Gidan ƙanwar babana aka sauke ni a unguwar Zariya, mutanen kirki ne, ba su taɓa hana ni abinci ba. Amma 'yar da ke zaune gidan gwaggo ba baƙuwa ba ce. Shara da asuba, wanke-wanke, in na dawo da yamma tuwon dare na jirana, yara kuma su kawo nasu aikin lakwal in duba musu. Sai goma ta wuce nake buɗe littafi, ina buɗewa barci ya kwashe ni. In TP, wato darasin gwaji a aikace, ya kai mu kusan magariba, in dawo ana kallona kamar daga yawo nake. Haɗuwar karatu da Malama ta faɗa kuwa, in da namiji a ciki, kafin sati magana ta kai Gidan Rumji.

Zangon farko darussa uku na bari a ratarafaj. Na yi kuka kamar me. Abin da ya cece ni, na kwafe jadawalin darussanmu na kai wa Gwaggo, na zauna na karanta mata shi awa-awa, na nuna mata girman abin da ake so mu sani kafin jarrabawa. Wallahi ba ta san haka abin yake ba, ita a ganinta kamar kwaleji ne, a tashi tsakar rana. Ita da kanta ta ɗauke mini girkin dare ranakun aiki, na riƙe na Asabar da Lahadi. Ƙawayen karatuna biyu kuma a tsakar gidanta muke haɗuwa, tana ganinmu, har kunu take dama mana.

Na faɗi wannan ne saboda maganar Babanka. Mutanen gida ba su san abin da muke ciki ba sai mun buɗe baki.

Na-Mokoyo:
A nan kam ban bi ki ba, ƙanwata. Gwaggo daban, uba daban. Tsohon da ya yanka akuya, ka kira shi ka ce ka samu 6? Hawan jini za ka sa masa a banza, shi bai san UE ba bai san kiredi ba, 6 kawai zai ji. Ka bari sakamakon zango ya fito. In ka haye, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Baban Hassana:
Na-Mokoyo, ni uba ne, 'ya'yana biyu suna jami'a, ɗaya nan Maradi ɗaya Damagaram. Bari in gaya maka abin da ku yara ba ku sani ba: muna ji a muryarku. "Lafiya lau" ɗin da yaron nan ke faɗa duk Juma'a, na rantse uban ya san ba lafiya lau ba ce, abin da bai sani ba shi ne mene ne. Kuma zuciyar uba in ba ta san mene ne ba, mafi muni take saƙawa. Ko ya faɗa shaye-shaye? Ko wata ta ɗauke masa hankali? Ko rashin lafiya yake ɓoyewa? Maki 6 ya fi duk waɗannan sauƙin ji.

Babban nawa ya ɓoye mini shekara guda cur. Sai da aka ce ya maimaita aji na ji, kuma a bakin wani na ji, a wurin ɗaurin aure. Faɗuwar ba ta yi mini ciwo kamar jin ta a bakin bare ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na-Mokoyo:
Baba, na karɓa. Amma ba duk iyaye ne irinku ba. Akwai wanda yana ji zai ce tattaro kayanka ka dawo gona.

Baban Hassana:
Akwai. Shi ya san nasa uban. In yana tsoron haka, ya fara da mahaifiyarsa ko wani baffa da uban ke jin maganarsa.

Mamman Lissafi:
Mu koma kan jika ashirin ɗin nan, don yunwa ma tana rage maki. Ɗan Tasawa, kuɗin hayar a ciki yake? Zayyano mana inda take tafiya, kada ka ji kunya.

Ɗan Tasawa:
Haya Baba ya biya ta wata shida tun farko. Ashirin ɗin ta ci da sauran buƙatu ce. Kabu-kabu zuwa da dawowa kullum, don ɗakinmu da nisa. Fotokofi. Forfe na waya, wannan kam yana ci sosai. Abinci a bakin titi nake saye, safe ƙosai da koko, rana shinkafa da wake. Sannan ɗaya daga cikin abokan ɗakina ya ranci jika uku tun watan jiya, ya ce zai ninka ta a wasan ƙwallo na waya, har yau shiru.

Mamman Lissafi:
Jika ukun nan ka yi mata addu'a, ta riga mu gidan gaskiya. Kuma ka ji da kyau, ranar da ya zo ya ce ya ci, ka zuba kai ma, ranar ce mafi hatsari. Cacar wayar nan ta cinye kuɗin rajistar yara da yawa a garin nan.

Sauran kuwa duk ramuka ne da ake iya toshewa. Ranar da kuɗi suka shigo, kafin ka taɓa ko dala, ka je ka sayi tikitin resto na CROU, wato gidan abincin ɗalibai na jami'a, da zai kai ka ƙarshen wata, ka ɓoye cikin littafi. Abincin ba na gidan biki ba ne, amma ya fi na bakin titi araha nesa ba kusa ba. Ku huɗun nan ku haɗa kuɗi ku sayi garin rogo da ƙuli-ƙuli da mai da sukari, don dare. Kuma ku 'yan ƙauye da garuruwan kewaye kuna da gata ba ku sani ba: tiya biyar ta hatsi ko wake daga gida ta fi wa mahaifinka sauƙin bayarwa a kan jika biyar, ballantana yanzu da kaka ba ta yi nisa ba. Motocin Tasawa kullum suna shigowa.

In kana cikin masu jiran burs, wato tallafin karatu na gwamnati, kada ka ci bashi da sunanta. Ka yi lissafinka kamar babu ita, ranar da ta zo ta zama riba.

Habu Bagalam:
Ka nemi keke. Kuɗin kabu-kabun wata biyu zuwa uku ya isa tsohon keke. Ni da shi na gama lisans, har yau yana nan.

Tsohon Mushe:
Ɗan Tasawa, jikana, na karanta duka tun daga sama, da gilashina biyu. Ni na yi ritaya, kuma a Yamai na yi nawa karatun, don a zamaninmu in ka ci bak ba ka da wata jami'ar gwamnati a ƙasar nan sai ita. Fiye da kilomita 600 daga nan. Ba salula, wasiƙa ce sai ka samu mai tahiya. Ina can ranar 9 ga Fabrairun 1990, da ɗalibai suka hito maci aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, aka kashe uku. Mahaifiyata ta kwana uku ba ta san ko ina raye ba. Ku yanzu jami'a ta zo muku har gida: ta Maradi da ta Damagaram da ta Tawa a 2010 aka kafa su, a 2014 aka ƙara ta Agadas da Dosso da Diffa da Tillaberi. Ban faɗi wanga don in ce wahalarku ba wahala ba ce. Kowane zamani da irin tasa.

Abin da nike so ka sani shi ne, ni ma na faɗi shekarar farko. Ba gwaji ba, shekara ɗungum na maimaita, kuma ni ne na ɗaya a ajinmu na lise. Mu na ɗaya-ɗayan nan mun fi kowa shan wuya, don ba mu saba tambaya ba, mu ake tambaya. Na yi wata shida ina jin kunyar ɗaga hannu in ce ban gane ba. Wanda ya zo da 10 cif-cif ya saba neman taimako tun tuni, shi ya sa sau da yawa yakan wuce mu.

Kuma tunda kai ɗan Tasawa ne: Abdou Moumouni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyyar hasken rana, a garinku aka haife shi a 1929. Dan Dicko Dankoulodo da tamu ta nan ke amsa sunansa, shimin nan da ta ba ka 7 da rabi ita ya karanta, har ya riƙe ministan ilimi zamanin Diori Hamani. Ƙasar da ta fitar da su ita ta fitar da kai.

Ka kuma daina kai ƙarfe ɗaya na dare. Yanzu sanyi ne kana iyawa. In zafin Afrilu da Mayu ya shigo, ɗaki ya zama tanda, wutar kuran na ɗaukewa, wanda bai saba karatun asuba ba sai ya rasa lokacin karatu gaba ɗaya. Ka kwanta da wuri, ka tashi kafin kiran salla.

Na-Mokoyo:
Baba Mushe ya yi magana, mu yara sai mu ja bakinmu. Abu ɗaya zan ƙara: in aka shiga yajin aiki, na malamai ko namu, kada ka ɗauki jaka ka tafi Tasawa ka miƙe ƙafa. Ranar da aka dawo a guje ake rama abin da ya wuce, jarrabawa kuma ba ta jiran wanda ke tasha.

Ɗan Tasawa:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da shirun kwana biyu. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Alhaji Sabo.

Na sami dalage, mun yi lissafin da Yaya Ilu ya ce. A lissafi ina buƙatar kusan 13 a babbar jarrabawa. Da wuya, amma ba abin da ya fi ƙarfin mutum ba ne. Shimi ta fi sauƙi.

Jiya Juma'a ban jira Baba ya kira ba, ni na kira. Na faɗa masa komai, har da maganar Kawu. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sai ya ce, "An kore ka?" Na ce a'a. Ya ce, "To wa ya kawo zancen kasuwa?" Daga nan ya ce tun watan jiya Inna ke cewa muryata ta canza, ita ta zaci ciwo nake ɓoyewa. Bai ƙara cewa komai a kan makin ba. Ya ce Litinin zai sa a ɗoro mini tsohon kekensa da tiya shida ta hatsi da ɗan wake a mota.

Kawu kuma na je na same shi. Mun shirya ranar Lahadi in riƙa zuwa ina rubuta masa lissafin shago, ya riƙa ba ni na sabulu.

Sabo Mai Atamfa:
Ka ga ni ba? Ƙafa ɗaya ta shiga kasuwa. Sauran sai a hankali.

Malama Zuwaira:
Alhaji, Lahadi kaɗai aka ce.

Yaya Ilu:
Madalla. Asabar mai zuwa bayan la'asar ka same ni gindin bedin da ke gefen masallacin da ka je ka ɓuya. Ka zo da takardar TD ta biyu ta lissafi, kuma ka gwada atisaye uku na farko kafin ka zo, ko da duk ba daidai ba ne. In ka zo da farar takarda komawa za ka yi.

Sabuwa daga Dakwaro:
Salamu alaikum. Tun farko nake bin maganar nan ban ce komai ba. Ajinmu ɗaya da shi, ni 5 na samu. Yaya Ilu, ana karɓar mata?

Ta Gidan Rumji:
Zo mu je tare, ni zan raka ki, sai mu dawo kafin magariba.

Yaya Ilu:
Ana karɓa. Amma benci ɗaya ne a wurin, wani ya taho da tabarma.